Tsohon Gari, Sabon Gari ko Leith: Ina Ya Fi Dacewa Baƙo Ya Ci Abincin Gargajiya a Edinbara?

Wanda ya zauna cin abinci a tsohon gini a Edinbara, babban birnin Sikotland, abu biyu yake saya da kuɗi ɗaya: ginin da kuma girkin. Ba kullum suke zuwa tare ba. Akwai ɗakin da ya haura shekara 400, mai bangon katako da hasken kyandir, amma abin da Musulmi zai iya ci a jerin abincinsa bai wuce kala biyu ba. Akwai kuma wurin da gininsa bai kai wancan kwarjini ba, amma kusan duk abin da ke fitowa daga kicin ɗinsa na teku ne, ka zaɓi wanda ranka ke so. Saboda haka kafin a yi maganar unguwa, sai an fara sanin abin da ke cikin faranti, domin shi ne zai raba gardama.

Abincin da kowa ke tambaya shi ne haggis. Zuciya da hanta da huhun tunkiya ake dafawa a niƙa, a gauraya da kitse, da albasa, da gishiri, da masoro, da ɓarzajjen hatsin ot, a ɗura a tumbin dabbar ko a wata fata ta roba, sannan a bar shi ya yi kamar awa uku yana dahuwa cikin ruwa a hankali. Idan aka farke shi yakan fito warwar kamar dambu, da ɗan maiƙo da ƙamshin masoro. Ana kawo shi da dakakken dankalin turawa da wani dakakken saiwa mai ruwan ɗorawa da suke kira neeps. Wanda ya saba da farfesun kayan ciki ba zai ji baƙon ɗanɗano ba. Matsalar ba ta ɗanɗano ba ce. Mafi yawan gidajen abinci ba su suke haɗa shi ba, daga mahauta suke sayowa su ɗumama, kuma dabbar ba yankan halal ba ce. Wasu kamfanonin ma da huhu ko kitsen alade suke yin nasu. Bayan haka, miyar da ake kwarara masa a kai galibi ta kirim ce da wuski. Batun yankan ma'abota littafi malamai sun yi saɓani a kansa, kowa ya san wanda yake bi, amma alade da giya babu saɓani a kansu.

Mafita ita ce haggis na ganye, wanda kamfanin Macsween na Edinbara ya fara yi a 1984. Da ot, da wake, da lentil (wani ƙaramin wake mai faɗi), da karas, da 'ya'yan itatuwa masu mai ake yinsa, da kayan ƙamshi iri ɗaya da na asalin. Ba kwaikwayon dole ba ne, 'yan ƙasar da yawa shi suka fi so. A ce a kawo shi ba tare da miyar wuski ba. A kuma kula da yadda aka kawo shi: idan a dunƙule ne ƙanana aka soya, to ya shiga kaskon man da aka soya na nama a ciki.

Abincin da ya fi cancanta a gwada gidan abinci da shi kuwa miyar kifi ce mai suna Cullen skink, daga garin masunta na Cullen a arewa maso gabashin ƙasar. Kayan haɗinta kaɗan ne: kyafaffen kifin haddock, dankali, albasa, madara, da ɗan bota. Na mutum huɗu bai wuce rabin kilo na kifi, rabin kilo na dankali, albasa ɗaya, da madara ƙasa da lita ɗaya ba. A cikin madarar ake sulala kifin na 'yan mintoci, a tsame shi, a dafa dankalin a ruwan, a murƙushe rabinsa don miyar ta yi kauri, sannan a mayar da kifin a ƙarshe. Da yake kayan kaɗan ne, kuskure ba ya ɓuya. Idan an bar madarar ta tafasa da ƙarfi sai ta tsinke. Idan an yi rowar kifi sai a cika fulawa da kirim, ta fito kamar kunu, ka yi ta laluben tsoka da cokali. Idan kifin ya yi rawaya ƙwarai, rini ne ba hayaƙi ba. Mai kyau fara ce mai ɗan duhu, ƙamshin hayaƙi na tashi, kowane cokali da tsokar kifi. A girkin asali babu nama a cikinta, sai dai wasu masu girki na barbaɗa soyayyen naman alade a kai ko su zuba farar giya a romon, don haka tambaya ba ta ɓaci.

Sauran miyoyin a yi hattara da su. Scotch broth da naman tunkiya ake yi, cock-a-leekie da kaza, miyar lentil kuma, wadda ido ke gani kamar ta ganye zalla, a al'adance da romon ƙashin alade ake dafa ta. Black pudding, wanda wani lokaci ake rubuta shi da sunan garin Stornoway kaɗai, jini ne aka daskarar da ot da kitse. Yana yawan zuwa a ƙarƙashin scallops, wato wani farin naman teku mai ɓawo, ba tare da baƙo ya zata ba.

To, ga unguwannin.

Tsohon Gari shi ne inda hoto ya fi kyau. Titin Royal Mile ya miƙe daga ganuwar da ke kan dutse, wato tsohuwar fadar tsaro ta Edinburgh Castle, ya gangara zuwa fadar Holyrood, kimanin kilomita 1.8, da lunguna matsattsu hagu da dama. Da yake birnin a kewaye yake da badala tsawon ƙarnoni, mutane sama suka riƙa yin gini maimakon faɗi, shi ya sa gidajen ke da benaye da yawa da ɗakuna ƙanana. UNESCO ta sa wannan yanki tare da Sabon Gari cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. A can saman titin, dab da ƙofar ganuwa, akwai The Witchery, wanda James Thomson ya buɗe a 1979 a cikin gidan da aka gina wa wani ɗan kasuwa a 1595. Sunan ya samo asali ne daga mutanen da aka ƙona a wannan tudun bisa zargin maita a ƙarni na 16 da na 17. Ɗakunan cin abinci biyu ne: na asali mai bangon katakon oak da kujerun fata, da wanda ake kira Secret Garden da ake sauka cikinsa ta matakalar dutse. Kusa da shi akwai Cannonball, a gidan da aka gina a 1630, wanda har yau akwai ƙwallon igwa a maƙale a bangonsa, tagoginsa na sama kuma suna kallon ganuwar. A gangaren Grassmarket akwai White Hart Inn, wanda wani sashe nasa ya kai 1516.

Tsufan nan yana da farashinsa, kuma ba na kuɗi kaɗai ba. Irin waɗannan gine-gine suna cikin jerin waɗanda doka ta kare, ba a rushe bango ko a faɗaɗa ƙofa sai da izini na musamman. Sakamakon haka yawancinsu babu lif, matakala a karkace take kuma a matse, banɗaki a can ƙarƙashin ƙasa ko a bene na sama. Mai tafiya da dattijo, ko mai keken guragu, ko keken jariri, ya buga waya ya tambayi yawan matakala kafin ya kama tebur. Kicin ma ƙarami ne, kuma nan ne abin ya shafi mai kiyaye abin da yake ci: ƙaramin kicin yakan sami kaskon suya ɗaya tak, kifi da dankali da haggis da black pudding duk mai ɗaya suke shiga. Tebura kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka ana ƙayyade zama, yawanci awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ya makara da minti 15 yana iya tarar da an ba wani teburinsa.

Sai kuma a bambanta manyan gidajen da ke da suna da ɗimbin wuraren da ke tsakiyar Royal Mile waɗanda ke rayuwa da baƙin da ba za su sake dawowa ba. Alamominsu sanannu ne: jerin abinci mai shafi da yawa, wanda ya haɗa haggis da fiza da boga da taliya, hotunan abinci a bakin ƙofa, mutum a tsaye yana kiran masu wucewa. Kicin ɗin da bai fi ɗakin kwana girma ba ba zai iya dafa kala 50 sabo ba, daga firiza ake ɗaukowa. Wurin da ke da manyan abinci shida zuwa takwas, wanda ya rubuta daga wace gaɓa kifinsa ya fito, shi ya fi alamar akwai mai girki a ciki.

Sabon Gari, duk da sunansa, ya haura shekara 250. Tsarin James Craig aka amince da shi a 1767, aka shimfiɗa tituna masu faɗi a miƙe, masu kuɗi suka baro cunkoson tudu suka dawo nan. Gine-ginensa na bankuna ne da attajirai, don haka ɗakunan manya ne, rufi can sama, haske ya wadata. The Dome a titin George tsohuwar hedikwatar Commercial Bank of Scotland ce, ginin 1847, da manyan ginshiƙai a gaba da ƙubba mai gilashi a tsakiyar zauren. Wuri ne na burgewa, musamman a Disamba da ake ƙawata shi, amma girkinsa na zamani ne na Turai da 'yan kalolin Sikotland a ciki. Wanda ya fi dacewa da batunmu shi ne Café Royal a titin West Register, bayan ƙarshen titin Princes na gabas, ginin 1863. A bangonsa akwai manyan hotuna na tayil na masu ƙirƙire-ƙirƙire, cikinsu har da James Watt da Michael Faraday. Gida ɗaya ne mai fuska biyu: ɓangaren mashaya mai hayaniya, da ɗakin cin abinci mai tagogin gilashi masu launi inda abincin teku ne kan gaba. Mai son nutsuwa ya faɗa tun wajen kama tebur cewa ɗakin cin abinci yake so. Akwai kuma Howies a Waterloo Place, mai matsakaicin farashi da girkin gargajiya ba tare da ƙawa mai yawa ba, yana da reshe a titin Victoria na Tsohon Gari.

Ga iyali da yara, ko ayarin mutum shida zuwa sama, Sabon Gari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙasa a shimfiɗe take, tashar jirgin ƙasa ta Waverley tana kusa, tebura suna da tazara. Abin da za a rasa shi ne duhun nan da matsatsin da ke sa mutum ya ji ya koma ƙarni na 16.

Leith ita ce tashar jiragen ruwan birnin, gari ne mai zaman kansa har 1920 da aka haɗe shi da Edinbara. Tun Yunin 2023 taragon lantarki na cikin gari yana zuwa har can, a sauka a tashar The Shore. A bakin ruwan akwai Fishers, a gindin wata hasumiyar dutse da aka gina a 1686, da wasu gidajen kifi a jere. Nan ne jerin abinci ke juyewa: kifi da sauran halittun teku su ne mafi yawa, nama ne ɗan rakiya. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, don haka ƙofa a buɗe take: haddock, da hake, da kaguwa, da langoustine mai kama da ƙaton jatan lande, wanda ake kamowa a gaɓar yamma. Abin lura kawai shi ne ruwan da aka dafa su a ciki. Mussels, wato baƙaƙen masu ɓawo da ake kawowa tukunya guda, kusan kullum da farar giya ake turara su, kuma ba gaskiya ba ne cewa wuta na ƙone barasar duka. Da yake nan take ake dafa su, cikin minti biyar, mai girki na iya yinsu da kirim da tafarnuwa kawai idan an roƙa. Gasasshen kifi da bota da lemon tsami shi ne mafi tsabta daga shakku. A Leith ɗin ne kuma ake da manyan gidaje masu tauraron Michelin, wato lambar yabo ta ƙwarewar girki, irin su Martin Wishart da The Kitchin, na biyun a tsohon sito na ajiyar wuski. Su jerin ƙananan faranti da yawa suke kawowa bi da bi, don haka sai an sanar da su abin da ba a ci kwanaki kafin zuwa, ba a kan tebur ba.

Magana biyu kan kifi da ke ruɗa baƙo. Kyafaffen salmon da ake kawowa yanka-yanka siriri ba bandar da aka sani ba ce. Gishiri ake sa masa a bar shi cikin hayaƙi mai sanyi, ƙasa da digiri 30, don haka a baki kamar ɗanye yake, kuma wasu na jiƙa shi da wuski ko barasar da ake kira gin kafin kyafi. Mai son kifin da wuta ta ratsa ya nemi wanda aka rubuta hot smoked, ko Arbroath smokie, haddock da ake ɗaurewa bibbiyu ta wutsiya a rataya cikin ganga a kan wutar itace. Wannan ne ya fi kusa da bandar gida. Na biyu, soyayyen kifi da dankali: ƙullin da ake tsoma kifin a ciki sau da yawa da giya ake kwaɓa shi don ya yi garas-garas, za a ga an rubuta beer batter. A nemi wanda aka barbaɗe da garin burodi, ko a gasa.

Doka ta wajabta wa gidajen abinci a Birtaniya su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kamar madara, da gyaɗa, da ƙwai, da kifi. Alade da barasa ba sa cikin 14 ɗin, don haka takardar da za a miƙo maka ba za ta amsa tambayarka ba. Alamar V ta masu cin ganye ma nama kawai ta kore, ba ta kore giya ba. Tambayoyi uku ne ke aiki, a yi su ɗaya bayan ɗaya: da romon me aka dafa, akwai giya ko wuski a miyar, kuma a mai ɗaya ake soya wannan da nama? Ma'aikatan sun saba da irin wannan, za su shiga kicin su tambayo. Kalmomin da ke nuna alade a rubuce su ne bacon, ham, pancetta, lardons da chorizo. Kalmar jus kuma romon nama ce da galibi aka ƙafar da jar giya.

Kayan zaƙi ma da nasu tarko. Cranachan, wanda shi ne na gargajiya, kirim ne da soyayyen ot da zuma da 'ya'yan rasberi da wuski. Inda ake haɗa shi nan take za a iya cire wuskin, inda aka kwaɓa tun safe kuwa sai haƙuri. Sticky toffee pudding, kek mai dabino da miyar sukari, yawanci babu komai a ciki, ko da yake ba ɗan asalin Sikotland ba ne. Shortbread kuwa awo ɗaya na sukari ne, biyu na bota, uku na fulawa, shi ke nan.

Batun kuɗi: a gidajen da suke haɗe da mashaya babban faranti yawanci tsakanin fam 15 ne zuwa 20. A manyan gidajen Tsohon Gari da dare yakan kama daga fam 30 zuwa sama, mutum biyu masu cin kala uku suna iya haura fam 150 ko ba su sha komai ba sai ruwa. Leith da matsakaitan gidajen Sabon Gari suna tsakiya. Dabarar da ta fi ita ce abincin rana: manyan gidajen da yawa suna da tsayayyen farashi na kala biyu da rana ko da yamma kafin cunkoso, kuma ɗakin dai shi ne, kyandir ɗin ma a kunne. Wanda burinsa ya ga ginin 1595 daga ciki, ya je da rana ya ci miya da kifi, ya ajiye yunwar dare da sauran kuɗinsa don Leith. Idan kuwa zama ɗaya ne kawai zai samu a birnin, kuma ba ya cin nama a waje, gidan kifi a Sabon Gari ko Leith ya fi masa riba a kan ya biya kuɗin Royal Mile don kala biyu. Mai cin komai, shi Tsohon Gari da dare ya dace da shi, don naman shanun Angus da naman barewa su ne ƙarfin waɗannan gidaje.

Farashin da aka rubuta ya haɗa da haraji. Tukwici kashi 10 ne zuwa 12.5 cikin ɗari, amma a duba takardar biya tukuna, domin wurare da yawa sun riga sun ɗora shi, kada a biya sau biyu. Ruwan famfo kyauta ne a duk inda ke da lasisin sayar da giya, sai dai idan ba ka ce na famfo ba, na kwalba za a kawo da kuɗinsa. Manyan gidajen na karɓar lambar kati wajen kama tebur, su cire wani abu idan ba a zo ba kuma ba a soke da wuri ba. Masu yara su sani cewa wuraren da ke da lasisin mashaya suna da lokacin da yara za su fita, sau da yawa wajen ƙarfe takwas na dare. Abincin kuma babu yaji ko kaɗan in ban da masoro, mai son zafi ya nemi a kawo masa ruwan barkono na kwalba.

Watan Agusta lokacin bukukuwan birnin ne, waɗanda aka fara tun 1947. Tebur a saman Royal Mile sai an kama shi makonni kafin lokaci, kuma da yamma dubban masu zuwa kallon faretin sojoji a filin ganuwa suna toshe hanyar, a ƙara rabin awa a lissafin tafiya. A ƙarshen Janairu, wajen ranar 25 da ake bikin daren Burns don tunawa da mawaƙin ƙasar Robert Burns, gidaje da yawa suna komawa jerin abinci ɗaya na haggis da wuski, ba daren mai neman zaɓi ba ne. Babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1998, yana Potterrow, tafiyar kamar minti goma daga tsakiyar Royal Mile, da gidajen abincin halal kewaye da shi. Lokacin sallar magariba na sauyawa sosai a can: a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, a Yuni sai wajen ƙarfe goma na dare, lokacin da yawancin kicin sun riga sun daina karɓar oda. Mai azumi a tsakiyar bazara ya tambayi ƙarfe nawa ake rufe kicin, ba ƙarfe nawa ake rufe ƙofa ba.